Kan Gidanmu Ne

Tela mutum ne mai baki, ba a kayar da shi a musu. Tun ranar da nas ta auna kan jaririyarsa ta ce a kai ta hoton ƙwaƙwalwa, ya mai da maganar abin dariya.

"Kan gidanmu ne," ya ce wa matarsa. "Ki dubi nawa, ki dubi na Baba. Basira ce ta yi mana yawa."

Matarsa ta yi magiya har bakinta ya gaji. Sai da yarinya ta fara amai, ta daina kama nono sosai, sannan gogan naka ya rufe shago ya bi su asibiti.

Ɗakin hoton da ɗan duhu, an saki labule. Mai hoton, wata dattijuwa mai tabarau, ta zare wa jaririyar hula, ta shafa mai a maɗigarta, wurin nan mai taushi da ƙashi bai gama haɗewa ba. Ta ɗora kan na'urar a wurin, tana juya shi a hankali. Cikin kan yarinyar ya fito a allo.

"Kun ga wuraren nan biyu da suka yi baƙi? Ruwa ne. Ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Tun yaushe kan ya fara girma haka?"

"Wallahi ba mu lura ba," Tela ya yi saurin cewa.

Matarsa tana murza 'yar hular a hannunta. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baban Bebi, wannan fa ita ce hula ta uku da ka ɗinka mata."

Kunya ta rufe shi. Shi da hannunsa ya riƙa zagaya kan nan da tef, ya ga awo ya ƙaru, ya yanka sabon yadi yana fito. Ya fi kowa sani.

Ya dubi mai hoton. "Hajiya, mun makara?"

"Likita ne zai faɗa muku. Zo ka riƙe mata kan, ban gama ba."

Ya matso ya tallabe shi. Kan ya cika masa tafin hannu biyu, da ɗumi, da nauyi. Yarinyar tana ta barcinta, shi kuwa ya kasa ɗaga ido ya dubi uwarta.