Gonar Saman Allo

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya iso wajenmu, aka tara mu a makarantar firamare ta kusa da Bunkure za a raba gonakin rani. Maharazu ne malamin gonar da ya tsaya gaban allo. Tare muka yi kiwon awaki da shi, uwata ma ta sha goya shi.

Ya zana dogon layi da shuɗin alli, ya ce kwatar ruwa ke nan. Ya zana akwatuna a jere a gefenta daga sama har ƙasa, gonakin ke nan, kowanne da 'yar kibiyarsa.

"Ruwa ya shiga, alkama ta fito, mota ta kwasa," in ji shi.

Wallahi zanen ya yi kyau, har tafi muka yi.

To, ni dai na san ruwa daga sama yake gangarowa. Da aka ce in zaɓa, na yi wuf na ɗora yatsa a akwatin ƙoli kafin wani ya riga ni. Na dubi Maharazu. Ya yi murmushi ya ce, "Jaji, ka iya zaɓe."

Ashe arewa ce a saman allo, ruwan kuwa daga kudu yake tahowa. Wa ya gaya mini? Gonata ce ta can ƙarshe, sai kowa ya sha ya ƙoshi sannan a tuna da ni. Alkamata ta kai gwiwa, ta fara fitar da kai, sai kwata ta ƙafe. Ganye ya nannaɗe ina ji ina gani.

Na bi kwatar a ƙafa, raina a ɓace, har inda ruwa ke shigowa. Ga gona kore shar, ga Maharazu a bakinta da takalmin roba.

"Ta wa ce wannan?"

"Tawa ce, da sunan surukina."

"Ka san ta ƙasan allo ce ta farko, ka bar ni na zaɓi ta sama?"

Ya kau da kai. "Ai ba ka tambaya ba."

Kai! Ban taɓa jin ciwon magana irin wannan ba. Na juya zan tafi, ya kira ni.

"In alkamar ta nuna zan nemi masu yanka. Zan sa sunanka."

Na rantse ba zan taka gonarsa ba. Amma rumbuna babu ko ƙwaya, ga yara. Ranar yankan na ɗauki laujena, ni na riga kowa zuwa.