Tsagar da ke Ƙarƙashin Kujera

Duk wanda ya ratsa babban zauren baje kolin a safiyar nan ya ga wata mata mai kamala, da mayafinta da jakarta, ta durƙusa gwiwa bibbiyu tana leƙen ƙarƙashin kujera kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi. Ba abin da ya faɗi. Cutar masu zayyanar kayan ɗaki ke nan. Kowa ya zauna a kujera ya ce da daɗi, su kuwa sai sun leƙa sun ga yadda aka haɗa ƙafa da mazauni kafin su yarda kujera ce.

Yaya, kamar yadda kowa yake kiranta a masana'antarsu har da waɗanda suka girme ta, ta fi kowa wannan cuta. Tun da jirgi ya sauke su a ƙasar nan ita da ƙanenta Auta, ba ta bar kujera ko ɗaya ta huta ba, daga ta filin jirgi har ta ɗakin otal. Amma wannan karon ta daɗe a ƙasa fiye da kima. Ta kai yatsa ta shafa wata 'yar tsaga da ke bayan ƙafar kujerar, ta janye hannun da sauri, ta sake mayarwa.

Tsagarsu ce. Ita da Auta sun shekara da shekaru suna fama da kujerar da za ta naɗe ta buɗe ba ƙusa ba gam, katako ya riƙe katako. Sirrin duka yana cikin wannan tsaga da ake yankawa a karkace. Kujerar tasu tana can cikin akwati a kulle a 'yar rumfarsu, sai ranar ƙarshe ta taron za su buɗe ta gaban manyan masu saye. Ga ta kuwa nan a rumfar wani ƙaton kamfani, an shafe ta da wani fenti, an haska ta da fitilu, mutane suna ɗaukarta hoto.

Mutum biyu ne suka san tsagar a duniya, a iya saninta. Ko kafintocinsu gunduwa-gunduwa ake ba su aikin, yankan ƙarshe kuma Auta ke yi da hannunsa bayan an tashi. Ita dai ta san ba ta faɗa wa kowa ba.

"Yaya, don Allah ki tashi, ana kallonmu," in ji Auta, yana tsaye a kanta da kofin shayi.

"Durƙusa ka gani."

Ya ajiye kofin ya durƙusa. Auta suna ne kawai ya bi shi, don gemunsa ya fara furfura, gwiwarsa ma sai da ta yi ƙara. Ya duba, ya shafa, ya daɗe. Sannan ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Ikon Allah," ya ce.

Shi ke nan abin da ya ce. Yaya ta so ya yi ihu, ko ya dafe kai, ko ya zagi wani. Auta da kan tayar da jijiyar wuya idan kafinta ya ɓata masa katako ɗaya, yau an ɗauke musu aikin shekaru ya ce ikon Allah, ya koma ya ɗauki shayinsa. Wani zato ya ɗarsu a ranta, kuma ba a kan kujerar ba.

Ranar nan ba ta ji komai daga jawaban da aka yi a ɗakin taro ba. Wani ya hau ya yi dogon bayani kan haske a ofisoshi, wata ta nuna hotunan teburan da aka yi da tsofaffin ƙofofi, ana ta tafi. Ita Auta take kallo ta wutsiyar ido. Shi zato idan ya shiga zuciya ba ya rasa abinci. Takalmin nan na ƙafarsa sabo ne, yaushe ya saya? Wayarsa a kife take a cinya, da can a kife yake ajiye ta? Bara shi kaɗai ya yi tafiya waje sayo injin yankan katako, ya ƙara kwanaki a kan waɗanda ya ce, wai jirgi ne ya ɓata masa lokaci. A lokacin ta yi masa sannu. Yanzu sannun ma haushi take ba ta.

Da aka fito hutun shan shayi, wani mai sanƙo, da alamar ƙaton kamfanin nan a rataye a wuyansa, ya miƙa wa Auta hannu. Suka gaisa, suka yi 'yar magana, mai sanƙon ya dafa kafaɗarsa. Yaya ta auna dafawar nan kamar yadda take auna katako, ta ga ta yi wa baƙo tsawo.

"Ka san shi ne?" ta tambaya da ya dawo.

"Yanzu dai na san shi."

"Uhm."

Washegari masu shirya taron suka kwashe baƙi a bas don zagaya gari. Aka kai su wata tsohuwar unguwa mai dogayen gine-gine. Jagoran yana ɗaga hannu sama yana ba da tarihin hasumiya, mutanensa kuwa duk sun juya masa baya, sun taru a jikin wata ƙofa suna gardama kan yadda aka dasa ta. Bawan Allah ya gaji ya sauke hannunsa. Cikin wannan hayaniya Yaya ta hangi Auta ya duba waya, ya waiga, ya sulale ta wani lungu.

Ta bi shi. Kunya ta kama ta tun taku na farko, mace da girmanta tana raɓe-raɓe a bayan ƙanenta a garin mutane, amma ƙafar ba ta tsaya ba. Ya shiga wani ɗan shagon shayi mai bangon gilashi. Daga tsallaken titi, a bayan wata motar kaya, ta ga mai sanƙon ya miƙe ya tarbe shi. Suka zauna. Ba ta jin abin da suke cewa, amma hannu take gani. Auta ya ɗaga tafin hagunsa a miƙe, ya kawo na dama ya gicciya shi a karkace. Ko a mafarki ta san wannan karkacewar.

Ba ta koma bas ba. Ta tari mota ta wuce zauren baje kolin, ta zauna a kan akwatin kujerarsu ta jira shi. Da la'asar ya shigo yana fara'a, da 'yar leda a hannu.

"Ina kika shiga? An yi ta nemanki. Ga tsarabar yara na fara..."

"Da me suka saye ka?"

Ledar ta tsaya a iska. "Wa?"

"Kada ka mayar da ni ƙaramar yarinya. Na gan ka a shagon shayi, har da gwada masa da hannu, ko bai gane ba da farko?"

"Bina kika yi, Yaya?"

"Na bi ka. Da ɗan gari akan ci gari, yau na gani da idona."

Auta ya ajiye ledar a hankali. Ya ce tambayar mutumin ya je yi, wa ya zana musu kujerar, kuma yaushe. Ya ce bai gaya mata ba ne don ya san halinta, da ta je da sai an kira masu gadi. Mutumin kuma ya ce wata ma'aikaciyarsu ce ta zana, ta daɗe tana aikin.

"To me zai ce da? Ya ce ƙanenki ne ya kawo mana?" Ta ƙara wuta. "Ni na goya ka, Auta. Ni na koya maka riƙon fensir. Ranar da na sa sunanka kusa da nawa a ƙofar masana'anta mutane suka ce in yi hankali, na ce jinina ne. Ba ni makullin akwatin nan."

Ya dube ta kamar bai ji ba. Ta miƙa hannu. Ya laluba aljihu, ya ciro makullin daga cikin na gidansa, abin ya ɗan yi masa gardama, ya sa farce ya ɓanɓare shi. Ya ɗora mata a tafin hannu, ya ɗauki ledarsa ya fita.

Da safe, ranar ƙarshe ta taron, Yaya ta yi sammako zuwa rumfar kamfanin. Ta yi niyyar a yi ta ta ƙare. Ta ce da yarinyar da ke tarbar baƙi tana son ganin wadda ta zana kujerar nan, ita da kanta, ba mai sanƙo ba. Aka fito mata da wata mata gajeriya mai furfura, da tabon yanka a babban yatsa, irin na masu aikin katako. Yaya ta ga tabon, ta ƙi yarda da shi. Suka gaisa da harshen da ake taron da shi.

Masu wannan sana'a suna da hanyar gane ɓarawo, kuma ba ta takarda ba ce. Wanda ya kwafi abu ya san yadda yake, amma bai san abin da ya karye kafin a kai ga haka ba. Yaya ta kifar da kujerar a kan tebur ba tare da neman izini ba, ta ɗora yatsa a kan tsagar.

"Me ya sa a karkace? A miƙe ai ya fi sauƙin yanka, ya fi kyan gani."

Matar ta dube ta, sai ta fashe da dariya har tana riƙe tebur.

"A miƙe na fara," ta ce. "Tana ɗaukar mutum lafiya lau in ya zauna kamar a gaban alƙali. Amma ya jingina baya ya ɗaga ƙafafun gaba, shi ke nan. Mijina ne ya fara gwadawa, ƙato ne, sai da muka kai shi asibiti a duba masa ƙugu. Na mayar da ita mai zurfi, sai katakon ya riƙa tsagewa in an yi sanyi. Na gwada biyu a jere, ta ƙi naɗewa. Na yi kuka a kan kujerar nan, 'yar'uwa."

Mai zurfin, da biyun a jere, duk Yaya ta bi ta kansu, kuma a haka a jere. Waɗannan ba sa cikin kowane zane, tun tuni aka hura wuta da su. A nasu wajen Auta ne ya jingina ya faɗi, ya kwana biyu yana ɗingishi yana cewa a biya shi diyya.

"Ke ma kin yi ta, ko?" in ji matar, ta daina dariya. "Wanda bai yi ba ba ya wannan tambayar."

Yaya ta gyaɗa kai. Matar ta kama hannunta ta ce lallai za ta zo ta ga tasu in an buɗe, katako ɗaya ne a ko'ina, duk wanda ya matsa masa da tambaya amsa ɗaya zai ba shi. Magana ce mai daɗi, amma Yaya ba ta ji daɗinta ba. Da a ce matar ta yi in'ina, da ta san inda za ta sa kanta.

Ta samu Auta a rumfarsu yana goge teburin da za a ɗora kujerar, yana jera 'yan takardun talla. Ya gaishe ta kamar kullum, har da tambayar ko ta karya. Ta buɗe akwatin, suka ciro kujerar tare, shi ya kama ƙafafu ita ta kama baya, ba wanda ya gaya wa wani inda zai riƙe.

"Na je wurin matar," ta ce. "Ita ta yi abinta. Har mijinta ya faɗi, irin faɗuwarka."

"Allah sarki."

"Auta, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya. Ya wuce."

Da sauri ya faɗa, ba tare da ya ɗago ba, kuma saurin ne ya tsorata ta. Ta san ƙanenta. In abu ya wuce a wurinsa sai ya yi mita, ya tsokane ta, ya ce sai ta saya masa wani abu. Ta tsaya tana jiran mitar. Ya buɗe kujerar ya naɗe, ya sake buɗewa, ya danna mazaunin da tafin hannu ya ji ta zauna daram.

"Jiya a shagon shayin nan," ya ce, "mutumin ya yi mini tayin aiki. Wai suna neman mai hannu irin nawa. Kafin ya rufe baki na ce masa a'a, ni da yayata muke."

An fara buɗe ƙofofin zauren, ana jin takun mutane suna shigowa.

"Ka kyauta," ta ce a hankali.

"Ɗazu na gamu da shi a wurin karin kumallo." Ya gyara wa kujerar zama, ya juya fuskarta wajen masu shigowa. "Na karɓi katinsa."

Wani mai saye ya tsaya a bakin rumfar, ya nuna kujerar, ya tambaya ko zai iya zama. Su biyun suka ce masa bismillah a tare.