Ɗigo Biyu a Batirin Auta

"Zarton da batir ɗaya," in ji Injiniya. "Ni kuma in ba ka taransifoma. Ba kuɗi tsakaninmu."

Kafinta ya ce to. Bai ja ba, shi da kan ɓata rabin yini yana jayayya a kan kilon ƙusa.

Injiniya mai gyaran wuta ne, shagonsu bango ɗaya. Akwatin da ke buɗe a gabansu kuwa na Auta ne, ɗan Kafinta, wanda ya tafi ƙasar waje aikin rufin gidaje, ya faɗo daga hawa na uku. Can aka binne shi. Bayan wata biyar abokan aikinsa suka aiko da kayansa: injin huda, zarto mai aiki da batir, batura uku, caja, da safar hannu ta hagu.

"Ka ga nan?" Injiniya ya sa farce a gindin cajar. "Ɗari da goma. Wutarsu ke nan, mai ladabi. Tamu ɗari biyu da ashirin ce, ba ta da tarbiyya. Ka soka wannan a bango kai tsaye, sai dai ka ji tas, ka shaƙi ƙauri. Taransifoma ce za ta raba mata wutar biyu."

"Ɗauki ɗaya cikin waɗancan baturan. Mai jan tef ɗin nan, bar mini shi. Kar ka taɓa."

"Haba tsoho, ai duk uwarsu ɗaya."

"Na ji. Bar shi."

Bai faɗi dalili ba. Batirin yana da ɗan maɓalli, in ka danna sai ɗigon haske ya nuna sauran wutar ciki. Biyun sun iso a mace. Mai jan tef kuwa ya iso da ɗigo uku cikin huɗu. Auta ne ya cika shi da hannunsa, da wutar waccan ƙasar, ya yi aiki kaɗan ya ajiye. Kullum da safe, kafin ya share garin katako, Kafinta kan danna. Ba ya kuka, ba ya tunanin komai. Yana kallo har hasken ya ɗauke, sai ya ɗauki tsintsiya. Watan jiya ukun suka koma biyu. Ya gani, ya ɗauki tsintsiya.

Ranar da aka haɗa taransifomar, Kafinta ya bar wa Injiniya shago ya tafi kafa ƙofa a wani gida. Da azahar ya dawo, ya tarar da shi yana murmushi har kunne.

"Ta yi, tsoho! Ko ɗumi ba ta yi ba. Na cika maka na aikin. Sai na ga mai jan tef ya yi ƙasa. Batir in ya zauna ya tsiyaye, mutuwa yake, ba ya tashi kuma. Na ce ba a gabana ba. Danna ka gani."

Ya danna. Huɗu, kore shar.

"Yaya? Ba godiya?"

"Na gode," in ji Kafinta.

Ya zauna a kan benci, batirin a cinyarsa. Nauyinsa dai na jiya ne. Can ya tashi, ya ɗora shi a gindin injin, ya jawo kabad ɗin da ya yi sati yana jiran marfi. Injin ya yi kuka, sukurori suka shige kamar a sabulu.

Da ya koma gida, uwar Auta tana ninke wanki ta ce, "Malam, kayan yaron suna nan?"

"Suna nan. Suna aiki."

Injiniya ya ci riba, ya sami zarton da babu irinsa a layin. Masu shaguna suka ce Kafinta ma ya ci, tunda aikin sati ya koma na yini, ciwon kafaɗarsa kuma ya lafa. Hasara ɗaya ce aka yi a cinikin, ta ɗigo biyu, kuma a kansa ta faɗa. Har yau bai ga wanda zai faɗa wa ba.