Ɗigon Lallen Nuriyya

Batula ta dawo daga sunan da ta je Jabo, ko mayafi ba ta cire ba ta hangi fiyanon a kan tabarma. Ɗan fiyanon wasan yara ne mai batir, tsarabar Makka da babansu ya kawo musu tun suna firamare, ita da yayarta Nuriyya. Maɓallansa da shekaru suka rine, suka yi ruwan ɗorawa, yau ga su fari fat.



Nuriyya ce mai kunnen kiɗa. Ta ƙirƙiri wata 'yar waƙa tata, ta yi ta koya wa Batula, abin ya ƙi zama. Da ta gaji sai ta ɗauki tsinke da kwaɓin lalle ta yi wa maɓallan ɗigo: ɗaya ga na farko, biyu ga mai bi masa, har ƙarshen waƙar. Batula ba ta taɓa haddacewa ba, ɗigon kawai take bi. Da Nuriyya ta rasu wurin haihuwa a Kebbe, fiyanon ya riga ya daina magana, aka jefa shi ƙasan akwati.

Abu ɗaya Batula ta roƙi mijinta Haliru kafin ta tafi Jabo: ya haɗa wayar fiyanon da ta tsinke. Amma Haliru irin mutanen nan ne da in ka ce su ɗaure maka akuya sai ka tarar sun yi mata aski. Ma'aikacin asibiti ne, kuma ya kalli wani bidiyo a waya. Ya kwance maɓallan, ya jiƙa su da ruwan wankin ciwo mai kumfa, ya naɗe a leda ya shanya bisa kwanon ɗaki cikin ranar Tambuwal. Abin da rana ba ta cinye ba ya bi shi da soson ƙarfe.

Ya fito daga ɗaki yana washe baki.

"Kin gani? Awa sabo! Har wata dauɗa ja-ja nis samu, da ƙyar ta hita."

"Baban Usama, mi kay yi?" Batula ta nuna maɓallan. "Dauɗa? Hannun Nuriyya na kak kankare!"

"To ni ina nis sani? Gyara nika yi miki."

"Wa yas sa ka? Waya nic ce ka haɗa! Waya! In ba ka sani ba, bakinka ciwo shikai da ba ka tambaya?"

Haliru ya sosa ƙeya, ya ce ai yanzu yana kiɗa. Ya danna ɗaya don ta ji, ƙarar ta fito tsaf. Wannan ya fi komai ƙona mata rai: shekara da shekaru tana jiran ƙarar nan, ga ta ta zo, hanyar kuma an share. Ta fizge fiyanon, ta ce ya ba ta wuri kafin ta faɗi abin da za ta yi nadama.

Ta kwaɓa lalle a murfin kwalba, ta karyo tsinken tsintsiya. Na farkon ta tuna shi, can wajen hagu, ta ɗiga masa ɗaya. Ta sake dangwalo lallen, ta ɗaga tsinken bisa fararen maɓallan tana neman na biyu.

Har lallen ya bushe a bakin tsinken hannunta bai sauka ba.