Binnen Maccido

Shekarar da shamuwa ta dawo ƙauyen Tursa da wuri, Maccido ya ga gawo ya kaɗe ganye, ya ce a yi binne. Haka ubansa yake yi: a zuba iri a busasshiyar ƙasa, ruwan farko ya tarar da shi a kwance.

Habi, matar ƙanensa marigayi, ita ce ta tanka.

"Yaya, a raba irin biyu. Ruwan yanzu ba shi da alkawari."

"Mi kika sani ga ruwa?" in ji shi. "Kawo naki a haɗa."

Ta kawo. Shi ne babba a gandu.

Aka yi yayyafi, gero ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke. Rana ta ƙone tsiron. Da ruwan gaske ya sauka, ba iri a rumbu, wanda aka samo daga baya kuma bai kai ga nuna ba.

Da rani Habi ta bar 'ya'yanta ta tafi Goronyo ƙodago, inda ruwan dam yake shayar da albasa da shinkafa. Maccido ya sha cewa noman kwata, irin na ban-ruwa, ba noma ba ne. Wannan karon bai hana ta ba.

A mota aka dawo da ita, masassarar sauro ta cinye ta, idonta ya yi fari. Maccido ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya kasa shiga. 'Ya'yanta suna zaune da kwanon kunun dusa, suna kallonsa.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, Yaya."

Ya jira ta ambaci irin. Da ta ambata, da ya samu abin faɗa da shi. Ba ta ambata ba.

"Wa ad da gonar da kike ma aiki?"

"Mu'azu. Ya ce in ban koma ba, wani za shi ɗauka."

Mu'azun da Maccido ya taɓa kira manomin famfo a gaban jama'a.

"Ni za ni," in ji Maccido.

Habi ta ɗago kai da ƙyar. "Ba ka iya dashen albasa ba. Yara za su yi ma dariya."

"Su yi."

Da hantsi ya fito da buhun kayansa. A bakin hanya wani ya tambaye shi ina zuwa.

"Goronyo," ya ce, bai dube shi ba.