Zazzaɓin Kwamfutar Gunvor

Eilif, mai gyaran kwamfuta, ya sauko daga jirgin fito a tsibirin da hantsi, ya wuce kai tsaye ofishin ƙungiyar masunta. Shugabansu ne ya kira shi a waya, wai kwamfutar ofis ta haukace: fankarta na ta gurnani, ita kuma ko takarda ɗaya ba ta iya buɗewa. Ƙofa a buɗe take, kamar kowace ƙofa a tsibirin, ba kowa a ciki sai ƙarnin kifi.

Kallo ɗaya ya gane cutar. Manhajar da ke tsare kwamfuta daga bairos ce ta ɗauko sabuntawa, intanet ya yanke ana tsakiya, rabi ya shigo rabi ya maƙale. Tun daga nan take ƙoƙarin ɗora guntun, ta kasa, ta sake daga farko, ta kasa. Ta cinye ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kaf, ɗari bisa ɗari, mai gadi ya hana masu gida sakat. Eilif ya tsayar da ita, ya share guntun, ya ɗauko cikakke. Fanka ta yi tsit. Ya miƙe ƙafa yana jin daɗin kansa, har ya ɗan zauna duba wasu abubuwan da ba a sa shi ba.

Can sai ga Gunvor, sakatariyar ƙungiya, ta shigo daga wurin awon kifi, rigar ledarta na ɗigar ruwa. Ta tsaya cak.

"Me ya sa ta yi shiru?"

"Na warkar da ita," in ji Eilif.

"Ka warkar? Wa ya aike ka, ɗan Solveig? Tun yaushe?"

"Ai an ɗan jima."

Ta ture shi gefe, ta jawo wata safar ulu daga bayan kwamfutar, daidai inda iska mai zafi ke fitowa. Shi da ya ɗauka tsumman shara ne. Ta buɗe, sai ga ƙwai, babba, shuɗi-shuɗi.

Ƙwan agwagwar ƙanwarta Borghild ne, wadda ta rasu a lokacin kaka. Agwagwar kaɗai ta bar mata, shekaranjiya kuma gaggafa ta sure ta a bakin ruwa. Cikin ƙwayayen da take kwanci, wannan ne kawai bai mutu ba. Da dare a ƙirjin Gunvor yake kwana, da rana kuwa tana cikin ƙanƙara da kifi, sai zazzaɓin kwamfuta ya zame masa uwa.

Ta kara shi a kunne. Idonta ya kawo ruwa.

"Da safe yana kuka a ciki. Yanzu ba na jin komai. Mayar mata da cutarta!"

"Na share ta, Gunvor."

"To ka nemo wata! Ba aikinka ke nan ba?"

Kai, Eilif bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ga tsoro a kai. Hannuwan Gunvor sun yi sanyi ƙalau, don haka ta cusa masa ƙwan cikin riga, a hammata. Da hannu ɗaya ya koma aiki. Ya umarci manhajar ta bincike komai da komai. Ya jona faifan ajiya da ke ɗauke da tarkacen ƙungiya na shekara da shekaru, ya ce shi ma ta tone shi, in ta gama ta sake. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauko da layin da ke nuna nauyin aikin furosesa a allo, yau shi ne ke roƙonsa ya hau.

"Hau mana, don Allah, hau," yake cewa ƙasa-ƙasa.

Layin ya hau. Fanka ta ja numfashi, ta koma gurnaninta. Gunvor ta jiƙa ƙyalle ta ajiye a gefe saboda laima, suka mayar da ƙwan cikin safa. Sai jira. Ta zuba masa kofi, ya huce bai sha ba. Jirgin fito ya yi hon ɗin tashi, Gunvor ta dube shi.

"Jirginka ne fa."

"Bari ya tafi abinsa."

Rana ta karkata kan teku. Gunvor ta kasa dubawa, ta ce shi ya duba, in mummunan labari ne ya faɗa mata kai tsaye. Eilif ya ɗauko ƙwan a tafin hannu. Da ɗumi, amma shiru. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri ke nan, sai ya ji an ƙwanƙwasa masa hannu daga ciki. Ƙwas. Ya kasa kunne. Ƙwas, ƙwas. Ɓawon ya ɗan tsage, wani ɗan baki jiƙaƙƙe ya leƙo, ya yi tsiyu, siririyar murya da ta fi ƙarfin gurnanin fanka.

"Ikon Allah," in ji Eilif. Ya ma manta yadda ake motsa hannu.

Gunvor ta durƙusa a gabansa da rigar ledarta, ta kawo fuskarta dab da ƙwan, hawaye na zuba.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Borghild, kin gani? Ya fito."