Matar Ƙofar Baya

"Ba zan sa ba, Yallaɓai," na ce.

Manaja ya dubi sarƙar da ke kan teburinsa, ya dubi sabon kwaɗon da ke gefenta, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama Digiri, ban ji da kyau ba. Fankar nan ta cika ƙara."

"Cewa na yi ba zan ɗaure ƙofar baya da sarƙa ba."

Ni ce jami'ar tsaro ta kamfaninmu na sabulu. Abin da na karanta ke nan a jami'a: yadda ake hango haɗari tun bai zo ba, da yadda ake toshe wa ɓarawo hanya. Kawuna abokin Manaja ne tun suna yara, shi ya yi mini hanyar aikin, kuma tun ranar da na fara ake kirana Digiri, don na yi kuskuren rataye takardar shaidata a bangon ofis.

Matsalar ita ce kwalayen sabulu suna ɓacewa, kuma kowa ya san ta ƙofar baya suke fita. Ƙofar tana ƙarshen babban zauren da mata ke naɗe sabulu a leda suna jerawa a kwali. Ɗaya ƙofar, ta gaba, ƴar siririya ce, kuma sai an bi ta jikin ɗakin da ake dafa mai kafin a kai gare ta. In wuta za ta tashi, daga can za ta tashi. Zaure cike da leda da kwali da mata, wasu da ciki, wasu ƙafa ta fara ba su matsala. Na yi masa wannan bayani dalla-dalla, har da zane a bayan ambulan.

"To ɓarayin fa? In yi musu shimfiɗa?"

"A sa mata ƙarfen da ake turawa daga ciki, da ƙararrawa. Duk wanda ya buɗe, kowa zai ji."

"Kin san sai babban ofis ya yarda kafin a sayi ko ƙusa."

"Sai mu jira su, Yallaɓai."

Dokar kamfani ta ce ba a kulle ƙofar fita sai da yardar jami'in tsaro, Manaja kuma ya san na sani. Korata kuwa za ta haɗa shi da Kawu. Ya jingina da kujera, ya yi murmushi.

"Tunda ƙofar nan mijinki ce, je ki zauna da ita. Daga gobe can ne ofishinki, har ƙararrawa ta iso."

Ya ɗauka zan yi kuka in ba da haƙuri. Washegari na ɗauki kujerar roba na kai bakin ƙofar baya, na zauna da takalmina mai tsini.

Matan zaure ba su ɓata lokaci ba. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Uwar Zaure, ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu.

"Amarya, an tare ke nan? Ko gayyata babu?"

"Abin ya zo da gaggawa, Uwa."

"Yaya maigidan? Na ga ba ya magana."

"Haka yake, mai kunya ne."

Zaure ya ɗauki shewa. Daga ranar sunana ya koma Matar Ƙofa. Da safe sai su gaishe ni, su gaida ƙofar. In iska ta buga ta ta yi ƙara, wata ta ce, "Kai, yau maigida da faɗa ya tashi." Saje, tsohon sojan da ke shugabantar masu gadi, wanda a takarda ni ce shugabarsa, shi ke karɓata in zan zaga. Sai ya sara mini ya ce, "Ranki ya daɗe, je ki, zan riƙe miki amanar mijinki."

Wurin ba inuwar kirki. Da hantsi rana take shigowa ta ƙasan rufin kwano ta zauna a cinyata. Ƙamshin sabulu yana da daɗi in wucewa kake yi, amma wanda ya wuni a cikinsa har a ruwan sha yake jin sa. Idanuna suka yi ta ruwa. Takalmi mai tsini bai kai ƙarshen wata ba na koma silifa.

Ban zauna haka kawai ba. Na sa aka janye tsibin kwalayen da ke jikin ƙofar zuwa tsakiyar zaure, inda idon kowa yake. Na sa aka sare ciyawar da ta rufe katanga ta baya, na roƙi mai gyaran lantarki ya maido da ƙwan da ya mutu a lungun. Na shafa jan fenti a ƙasa daga teburan aiki har bakin ƙofa, na ce kada a ajiye komai a kai. Uwar Zaure ta ce hanyar ɗakin amarya ce, amma ita ce ta fi kowa masifa in ta ga kwali a kan fentin.

A gida ma ban tsira ba. Yayana yana ganina zai ƙame ya ce, "Maigadi, buɗe mana!" Inna kuwa ba ta dariya.

"Ke dai taurin kan ubanki kika ɗauko. Duk karatun nan, ki ƙare a kujerar roba?"

"Inna, in wuta ta tashi fa?"

"Ta tashi ne?"

"Ba ta tashi ba."

"To."

Kawu ya zo da kansa wata ranar hutu. Ya ƙi zama. Ya ce na zubar masa da mutunci a gaban abokinsa, in je in ba da haƙuri a sa sarƙa a wuce wurin. Na durƙusa har ƙasa, na ce, "Kawu, ka yafe mini, amma ba zan sa ba." Ya kaɗa rigarsa ya fita, ko ruwan da Inna ta kawo bai taɓa ba.

Satar ta tsaya cak. Kwali ɗaya bai sake fita ta baya ba. Na shirya, na sa takalmin ofis, na hau bene wajen Manaja ina jin kaina a sama.

"Malama Digiri! Aikinki ya yi kyau, wallahi. Har babban ofis sun yaba."

"Na gode, Yallaɓai. Maganar ƙararrawa fa?"

"Ai sun ce tunda satar ta tsaya, ba su ga amfanin ƙararrawa ba. Zamanki a wurin ya wadatar." Ya jawo aljihun tebur, na ji sarƙa ta yi ƙara a ciki. "Sai dai in kin gaji."

"Ban gaji ba."

Na sauko na koma kujerata. Uwar Zaure ta dubi fuskata, ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, sai ta fasa. Ta ciro ƴar matashiyar da take jingina bayanta da ita, ta jefo mini.

"Riƙe, auren nan naki na ga ba na ƙarewa ba ne."

Yanzu damina ta biyu ke nan ina wurin. Wuta ba ta tashi ba, ina kuma roƙon kada ta tashi, ko da hakan na nufin ba wanda zai taɓa cewa ina da gaskiya. Ofishina an mai da shi ɗakin ajiyar leda. Kwas ɗin ƙarin girma da aka yi mini alkawari, wani aka tura. Bayana yana ciwo, likita ya ce ƙurar sabulu ta taɓa mini ƙirji, Kawu kuma har yau in na gaishe shi sai ya dubi bango. Ƙofar baya dai ko yanzu aka tura ta za ta buɗe.